Yadda Ake Horar da Malaman Makaranta Ilimin Duwatsu da Ƙasa a Fili

A yawancin makarantun sakandarenmu malamin labarin ƙasa yakan tsaya gaban allo ya rubuta cewa duwatsu kashi uku ne: waɗanda suka daskare daga narkakken dutse, da waɗanda suka taru daga yashi da laka, da waɗanda zafi da danniya suka sauya musu kama. Ɗalibai su kwafa, su haddace saboda jarrabawar WAEC ko NECO, alhali ajin da suke zaune a ciki an gina shi ne a kan marmara, kuma tsakuwar da aka zuba a harsashinsa daga wurin fasa dutse na bayan gari aka kwaso ta. Ba na ɗora wa malamin laifi, domin shi ma haka aka koyar da shi, kuma da wuya mutum ya nuna wa wani abin da bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Maganin wannan shi ne a fitar da malaman kansu zuwa fili, su taɓa, su auna, su zana, sannan su koma makarantunsu da abin da za su iya maimaitawa ba tare da an ba su ko sisi ba. Bayanin da ke tafe ya ɗauki Kano da kewayenta a matsayin misali, a horo na kwana uku, amma wanda yake Zariya ko Jos ko Sakkwato zai iya sauya wuraren da nasa.

Mataki na farko: zaɓen wurare da lokaci

Kuskuren da masu shirya irin wannan horo suka fi yi shi ne ɗaukar malamai a mota a kai su wuri mai nisa mai ban sha'awa, su yi hotuna, su dawo. Malamin da aka kai Riyom ya ga duwatsun da suka hau kan juna zai ji daɗi, sai dai ba shi da motar da zai kai ɗalibai sittin can. Saboda haka ƙa'idar zaɓe ita ce a nemi wuraren da irinsu ke akwai kusa da kowace makaranta: tsauni ko falalen dutse, ramin da ake haƙar ƙasar gini, gaɓar kogi ko rafi, kwazazzabo, da rijiya. A Kano, Dutsen Dala ko Goron Dutse, da wani ramin haƙar ƙasa na bayan gari, da gaɓar kogin Challawa, da wurin fasa dutse guda ɗaya sun isa.

Mai shirya horon ya je kowane wuri da ƙafarsa tun da sauran mako biyu, ya ga inda mutum ashirin za su iya tsayawa, da inda inuwa take, da inda za a yi salla, ya kuma lissafa mintocin tafiya daga inda mota za ta tsaya. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da ciyawa ta bushe, ruwan koguna ya janye ya bar gaɓa a fili, zafin bazara kuma bai iso ba. Hutun ƙarshen zangon farko ya faɗo daidai cikin wannan lokaci.

Mataki na biyu: izini da abokan aiki

Takarda daga ma'aikatar ilimi ko hukumar da ke kula da makarantun ita ce za ta sa shugabannin makarantu su saki malamansu. Bayan ita sai gaisuwa ga mai unguwa ko dagacin kowane wuri, a bayyana masa cewa malamai ne za su zo karatu, domin a wannan zamani baƙi ashirin da guduma da taswira a bakin dutse abin zargi ne, wasu za su ɗauka masu neman ma'adinai ne. A wurin fasa dutse wajibi ne a tambayi mai wurin ranaku da sa'o'in da suke tayar da nakiya. Batun tsaro kuwa a tambayi mutanen yankin da jami'an tsaro a makon tafiyar, kuma duk wurin da aka yi kokwanto a kansa a bar shi, ko da kuwa ya fi sauran kyau.

Ana bukatar masanin duwatsu ɗaya ko biyu. Sassan nazarin duwatsu na Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos suna da malamai da ɗaliban digiri na biyu da suka san waɗannan wurare, haka ma Hukumar Binciken Ma'adinai da Duwatsu ta Najeriya, wadda asalinta ya faro tun 1919, tana da taswirorin da ke nuna irin dutsen da ke ƙarƙashin kowane yanki. Sai dai a gaya wa masanin tun da wuri cewa ba lacca aka gayyato shi ya yi ba. Ina kuma ba da shawara mai ƙarfi a gayyaci wani dattijo mai haƙar rijiya na yankin, domin shi ya san a gaba nawa ake wuce jar ƙasa a shiga ruɓaɓɓen dutse, da inda ake cin karo da dutse mai rai, kuma ilimin nasa ya zo daidai da abin da ke cikin littafi, sunaye ne kawai suka bambanta.

Yawan malamai kada ya wuce ashirin da huɗu, a raba su rukuni-rukuni na mutum huɗu. A haɗa malaman labarin ƙasa da na kimiyya da na aikin gona. A yi tanadi na musamman don malamai mata su samu halarta, wato a dawo kafin la'asar sakaliya, a kuma zaɓi hanyoyin hawa masu sauƙi, saboda makarantun 'yan mata su ne aka fi bari a baya a irin wannan aiki.

Mataki na uku: kayan aiki

Duk abin da ba a samunsa a kasuwar gari kada a dogara da shi. Kowane malami ya samu littafin rubutu mai kwali da fensir, saboda biro yana dagulewa da gumi. Kowane rukuni ya samu guduma, da tabarau na kare ido irin na masu walda marar duhu, da madubin ƙara girma, da ƙusa ko ƙaramar wuƙa, da maganaɗisu wanda za a iya cirowa daga tsohuwar lasifika, da tef na awo irin na magina, da ledoji da alƙalamin rubutu a kansu, da kwalba mai haske mai murfi, da gwangwanin da aka yanke samansa da ƙasansa. Wayar hannu tana da kamfas kuma tana nuna lambobin wuri. Don auna gangara, a ɗaura zare mai ɗan dutse a tsakiyar abin auna kusurwa na cikin akwatin lissafi. Don gwada dutsen siminti, wato dutsen da ake yin siminti da shi, masana suna ɗiga masa ruwan asid mai rauni su ga ko zai yi kumfa, amma ruwan lemon tsami ko ruwan khal yana yin aikin idan aka kankare dutsen ya zama gari. Sai ruwan sha mai yawa da akwatin taimakon gaggawa.

Mataki na huɗu: rana ta farko, koyon dubawa kafin raɗa suna

Da safe a yi zama na sa'a ɗaya kawai. A koya wa malamai yadda ake buɗe shafi a littafin fili: kwanan wata, sunan wuri, lambobin wuri daga waya, zane mai nuna arewa da ma'auni, sannan bayani a gida biyu, ɗaya na abin da ido ya gani, ɗaya na abin da mutum yake zato. Wannan rabewa ita ce zuciyar horon gaba ɗaya. Idan malami ya rubuta cewa dutsen ja ne, yana da ramuka kamar saƙar zuma, yana da nauyi, ƙusa tana ɗan karce shi, to ya ga abu. Idan ya rubuta cewa ƙarfe ne ya sa shi ja, to ya yi zato, kuma zaton yana jiran hujja. A faɗi ƙa'idojin kariya a wannan zaman: ba a tsayawa ƙarƙashin bangon rami, ba a fasa dutse sai da tabarau, ba a cusa hannu a kogo, kuma idan za a ɗaga dutse a ɗaga shi ta yadda bakinsa zai buɗe nesa da mutum, saboda kunama da kububuwa.

Daga nan a nufi Dala. A gindin dutsen kada masanin ya ce komai na tsawon minti goma sha biyar. A bar kowane rukuni ya zana siffar tsaunin, ya ɗauki guntun dutse, ya bayyana shi. A sama a yi musu tambaya guda: me ya sa kan Dala ya zama shimfiɗaɗɗe, kuma me ya sa Goron Dutse da ke can yamma yake da irin wannan kai? A bar su su yi gardama. Sai bayan sun gaji masanin ya warware musu cewa kan tsaunukan biyu marmara ce, ita kuwa marmara tana samuwa ne a ƙasashen da damina da rani ke musanya, inda ruwa ke ratsa dutse yana wanke sinadaran da ke narkewa, ya bar ƙarfe ya taru ya taurare ya zama ɓawo. Wannan ɓawo ya zama hula ga tsaunin, ya kare abin da ke ƙarƙashinsa, yayin da zaizaya ta cinye ƙasar da ke kewaye a cikin miliyoyin shekaru. Ke nan wanda ya tsaya a kan Dala yana tsaye ne a kan ragowar tsohuwar doron ƙasa, birnin Kano kuma yana zaune a wurin da aka zaizaye. A nan ne ya kamata a kawo tarihi, domin binciken masu haƙa kayan tarihi ya nuna ana narka tama a Dala tun wajen ƙarni na 7, kuma ƙarfen da ke cikin wannan dutse yana daga cikin abin da ya jawo maƙera suka zauna a wurin. Malamin da ya fahimci haka ya samu darasi ɗaya da ya haɗa kimiyya da tarihi da sana'a.

Bayan azahar a je ramin haƙar ƙasa, wanda a ganina shi ne aji mafi daraja da kowane gari ke da shi kyauta. A zaɓi bangon da bai fi tsayin mutum ba, a kankare fuskarsa da wuƙa, a miƙa tef daga sama zuwa ƙasa. Kowane rukuni ya auna kaurin kowane hawa, ya rubuta launinsa, ya murza shi a yatsu da ɗan ruwa: yashi yana da kaushi, laka tana da santsi, yumɓu kuma yana mulmuluwa ya yi igiya. A ɗebi ƙasa daga kowane hawa a leda, a rubuta zurfinta. Da aka koma masauki a zuba kowace a kwalba zuwa sulusi, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, laka cikin sa'o'i kaɗan, yumɓu kuma sai ya kwana bai gama kwanciya ba. Washegari a auna kaurin kowanne da rula. A tambayi malaman sunayen da manoman garinsu ke kiran waɗannan ƙasashe, jigawa da fako da fadama da jangargari, a rubuta su kusa da sunayen littafi, domin ɗan manomi ya shigo aji da rabin darasin a kansa.

Mataki na biyar: rana ta biyu, dutse mai rai da aikin ruwa

A wurin fasa dutse ake ganin abin da ke ƙarƙashin duk wannan ƙasa. A ba kowa sabon guntun giranit, wato dutsen da ake fasawa a wurin, da madubi, a ce ya ƙirga ire-iren ƙwayoyin da yake gani. Yawanci zai ga uku: mai haske kamar gilashi, shi ne kwaz, fari ko ruwan hoda mai fuska a shafe, shi ne felsifa, sai baƙi mai ƙyalƙyali da ke ɓarewa kamar ɓawon albasa, shi ne maika. A gwada taurinsu. A ma'aunin Mohs mai hawa 10, farce yana wajen 2 da rabi, wuƙa wajen 5 da rabi, kwaz kuwa 7 ne, shi ya sa wuƙa ba ta karce shi, shi ne ma yake karce kwalba. Girman ƙwayoyin shaida ne cewa dutsen ya huce ne a hankali a can cikin ƙasa, ƙarƙashin kilomitoci na wani dutsen da yanzu babu shi. Irin wannan tsohon giranit na ƙasar Kano da Zariya ya kai kimanin shekara miliyan 600. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a ɗora wannan guntu kusa da ruɓaɓɓen dutsen da aka ɗebo jiya daga gindin rami, malamai su gano da kansu cewa felsifa ne ya ruɓe ya zama yumɓu, kwaz kuma ya ƙi ruɓewa ya zama yashi. Yumɓun tukunya da yashin gini duk 'ya'yan dutse ɗaya ne.

A gaɓar Challawa a zaɓi inda kogin ya yi kwana. Malamai su kwatanta gefen waje, inda ruwa ke cin gaɓa ya bar ta a tsaye, da gefen ciki, inda yake zubar da yashi. Kowane rukuni ya ɗebi tsakuwa ashirin ba tare da zaɓe ba, ya auna tsawonsu, ya raba masu kaifi da waɗanda tafiya ta mulmule. A ja maganaɗisu a cikin busasshen yashi a ga baƙin garin da zai manne masa. Sannan a tona rami a cikin yashin gindin kogin har ruwa ya tsattsafo, a bar mai haƙar rijiya ya yi bayani. Daga nan hanya ta buɗe a fahimci dalilin da rijiyar burtsatse ke ƙin yin ruwa a wani gida a Kano ta kuma yi ruwa a maƙwabta: a ƙasar giranit ruwa yana zama ne a ruɓaɓɓen sashe da cikin tsage-tsagen dutse kawai, saɓanin gabashin Jigawa da Yobe da Borno, inda shimfiɗun yashi na kwarin Chadi ke riƙe ruwa a faɗin ƙasa. Idan akwai masu tifa suna ɗibar yashi a kusa, a sa malamai su duba abin da hakan ya yi wa gaɓa da gonakin da ke bakinta, su rubuta abin da suka gani kawai.

Da yamma a yi gwajin igiya, domin adadin shekarun da ake ambata ba ya shiga kai da faɗa. Masana sun ƙiyasta shekarun duniya a kan miliyan 4,600. A miƙa igiya mai mita 46, kowace mita ta tsaya a madadin shekara miliyan 100. Giranit ɗin safiya zai faɗo mita 6 kafin ƙarshen igiyar. Giranit ɗin Jos mai ɗauke da kuza, wanda danginsa ne ke Riruwai a kudancin jihar Kano, zai faɗo ƙasa da mita 2. Dutsen simintin Kalambaina da ke Sakkwato, wanda ya taru a lokacin da teku ya rufe wannan yanki ya bar ɓawon halittun ruwa a cikinsa, zai faɗo wajen santimita 60. Maƙeran Dala kuwa ba za su kai kaurin silin gashi ba. Idan an samu guntun dutsen Kalambaina da baƙin dutsen aman wuta na Panyam ko Biu, a kawo su a ɗiga musu lemon tsami tare da giranit, malamai su ga wanne ne ke kumfa.

Akwai gargaɗi ɗaya da bai kamata a kwana ba a yi shi ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare mai ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurarsa tana shiga abinci da hannun yara. Don haka kada malami ya karɓi dutse daga ramin masu haƙar zinare ya kai aji, kada a lasa dutse, kuma a wanke hannu kafin cin abinci. Ko dutsen kwalli da muka saba da shi yana ɗauke da dalma. Malaman Filato kuma su ja kunnen ɗalibai game da tafkunan da haƙar kuza ta bari, domin zurfinsu ya wuce yadda ake gani daga baki.

Mataki na shida: rana ta uku, malami ya ja ragama

Wannan rana ba a shiga mota. A taru a harabar wata makaranta, a ba kowane rukuni sa'a biyu ya zagaya cikinta da titunan da ke kewaye, ya tsara darasin minti arba'in mai tasha uku ko huɗu: tsakuwar harsashi, bangon kwata da ruwa ya ci, dutsen niƙa, rijiyar makaranta, ko gwajin gwangwani, inda ake kafa shi a filin ƙwallo da kuma ƙarƙashin bishiya, a zuba ruwa daidai wa daida, a ƙirga mintocin da zai ɗauka kafin ya nutse. Sai kowane rukuni ya koyar da sauran a matsayin ɗalibai, masanin yana baya yana saurare. A tattauna a fili yadda za a yi da aji mai yara tamanin, domin shi ne abin da kowa zai koma ya tarar. Abin da ya fi aiki shi ne a raba ajin gida huɗu, kowane gida da shugabansa da takardar tambayoyi, suna zagayawa tasha bayan tasha, malamin yana tsaye a tashar da ta fi haɗari.

Kafin a watse kowane malami ya tafi da akwati mai samfuri shida zuwa takwas, kowanne da lamba da sunan wurin da aka ɗauko shi, da darasin da ya rubuta da hannunsa, da ranar da ya yi alkawarin fitar da ɗalibansa a zango mai zuwa, wadda za a aika wa shugaban makarantarsa a rubuce. A buɗe musu zaure a WhatsApp tare da masanin, inda za su riƙa turo hoton dutsen da ɗalibai suka kawo suka kasa gane shi, da sharaɗin a ajiye biro ko kwabo kusa da shi don a san girmansa, a kuma faɗi inda aka samo shi. Bayan wata uku mai shirya horon ya ziyarci wasu daga cikin makarantun a ranar fitarsu, ya karɓi littattafan fili na ɗalibai ya duba ko gida biyun nan, na gani da na zato, sun bayyana a shafukansu. Malaman da ɗalibansu suka yi hakan su ne za a gayyato su ja rukunoni a horon shekara mai zuwa.